Tambayi Anti: Gishirin Tekun Nan Da Ake Ta Yayi, Ya Ake Gane Mai Kyau?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan saƙonni sun shigo min da yawa kan gishirin teku wanda ba a tace ba, wasu sun riga sun saya suna neman a tabbatar musu ba a cuce su ba, wasu kuma suna shirin saya. Na zaɓi guda biyar da nake ganin sun tattaro sauran.

Tambaya: Salam Anti, dan Allah ki taimaka min. Na ga wata tana tallan gishirin teku a Instagram wai na asali ne ba a tace shi ba babu kemikal, na yi oda rabin kilo da kuɗin da wallahi zai saya min gishirin leda na wata da watanni, da ya iso na buɗe sai na ganshi ruwan toka kuma da danshi kamar an yayyafa masa ruwa. Surukata na gani ta ce ai gishirin dabbobi aka sayar min, mai sayarwar kuma ta ce haka na gasken yake. Maganar wa zan ɗauka? Daga wata uwargida a Gwammaja, Kano.

Amsa: Wa alaikis salam 'yar'uwa. Kowacce a cikinsu tana iya yin gaskiya, shi yasa ba zan ce miki ki bi ta wannan ko ta waccan ba, gishirin da ke hannunki shi zaki tambaya kuma zai faɗa miki. Amma bari in fara da yadda ake yinsa dan ki san dalilin launin da danshin.

Ruwan teku, kowace lita ɗaya tana ɗauke da gishiri kamar giram 35. Masu sana'ar suna jawo ruwan su shigar da shi cikin fili da aka yanka fangali-fangali kamar na 'yan lambu, marasa zurfi, sai a barwa rana da iska aikinsu. Ruwa na ƙafewa yana ƙara kauri, abin da ke fara kwantawa wani farin ƙasa ne mai kama da alli, bayansa gishirin ci ya fara ɗaurewa ƙwaya-ƙwaya, sannan can ƙarshe ruwan da ya rage mai ɗacin tsiya ne saboda wani sinadari da ake kira magnesiyam ya taru a cikinsa. Gwanin ma'aikaci shi ne wanda ya san lokacin da zai kwashe gishirinsa, bayan allin ya kwanta kuma kafin ɗacin ya shige shi. In ƙasan fangalin yumɓu ne, to manjagarar da ake jawo gishirin da ita tana ɗan taɓo yumɓun, daga nan launin tokar yake zuwa. Irin wanda ake yi a Guérande, yammacin Faransa a bakin tekun Atlantika, wanda shi ne mutane ke kira “Celtic salt” a bidiyo, haka yake, toka-toka da ɗan laima, kuma ba aibu bane. Ɗan magnesiyam ɗin da ya rage a jikinsa shi ke jawo danshin iska.

Na taɓa ganin aikin nan da idona a Ada, ƙasar Ghana, bakin tafkin Songor, wata shekara da na je wajen yayata da ke aure a Nima ta Accra. Lokacin rani ne, mata ne tsugune cikin ruwa iya idon sawu suna tattaro gishiri da hannu da ɗan faranti suna zubawa a daro, wasu sun sa safa biyu-biyu saboda ƙwayar tana yanka ƙafa kuma ruwan in ya shiga yankan sai addu'a. Wata dattijuwa da muka tsaya wajenta ta ɗebo min daga tulin da aka kwaso ranar ta ce in ɗanɗana, na sa a harshe, gishiri ne amma da wani ɗaci da ke maƙalewa a maƙogwaro. Sai ta ja ni wajen wani tulin da aka lulluɓe da ciyawa wanda ya daɗe a ajiye ya tsane, ta ce to ɗanɗana wannan. Wallahi kamar ba daga tafki ɗaya suka fito ba, na biyun garau yake, ba ɗaci ba bauri. Tun ranar na gane cewa “daga teku yake” ba shi ne ƙarshen magana ba, yadda aka kwashe shi da yadda aka tsane shi da inda aka shanya shi su ne maganar.

To ga abin da zaki yi yau ɗin nan. Samu tambulan na gilashi mai haske, ki cika da ruwa mai kyau, ki zuba gishirin cokali ɗaya babba ki juya har ya narke ki ajiye shi kamar minti 15 kar ki taɓa. Ki ɗaga shi saitin taga ki duba. In ruwan ya ɗan yi hazo kuma a ƙasa kin ga wani siririn shafi mai laushi kamar ƙura, wannan yumɓun ne, ba matsala. Amma ki tsiyaye ruwan a hankali ki sa yatsa ki murza abin da ya kwanta, in kika ji garas-garas to yashi ne, in kin ga baƙaƙen abubuwa ko zaren buhu ko gutsuren leda suna yawo, ko wani maiƙo-maiƙo yana sheƙi a saman ruwan, wannan gishirin a ƙasa aka shanya shi ko a buhun da bai dace ba aka zuba shi, kuma maganar surukarki ta tabbata. Haka in wani farin gari ya ƙi narkewa ya taru da yawa a ƙasa, ko dai allin nan ne aka kwaso tare da shi ko an yi masa haɗi.

Sai hanci. Gishiri mai kyau kusan ba shi da wari, in ma akwai to ɗan ƙamshin ruwa ne da ba ya damun mutum. In kin ji warin kalanzir ko sabulu ko ruɓaɓɓen ƙwai ko irin warin buhun taki, kar ki tsaya wani gwaji, ki mayar. Na fi tsoron buhun taki da na siminti da ake sake amfani da su fiye da yashin ma, yashi haƙori kawai zai dama.

Danshin kuma yana da iyaka. Ki damƙi gishirin a tafin hannu ki matse ki buɗe, mai kyau zai ɗan haɗe sannan ya wargaje, tafin ya ɗan yi sanyi shikenan. In ya bar miki ruwa yana sheƙi a hannu ko kika ga ruwa ya taru a gindin ledar, to ruwa aka auna miki da kuɗin gishiri. Ni kaina an taɓa min haka, na sayi kilo ɗaya wajen wata na baza shi a tire kwana biyu cikin hunturu na sake ɗorawa a sikelin kicin, abin da ya ragu ya ba ni haushi sosai, kuma da na yi mata magana ta ce wai “albarkar teku” ce ta fita. Ban sake saye a wajenta ba.

Na ƙarshe harshe, kamar yadda dattijuwar nan ta koya min. Ƙwaya ɗaya ki bari ta narke da kanta. Ɗacin da ya daɗe a baki ko ɗanɗanon ƙarfe alama ce ba a tsane shi da kyau ba, kuma in kika zuba irinsa a miyar kuka ko taushe zaki ji shi. Nan gaba kuma ki nemi a ba ki ɗan kaɗan ki gwada kafin ki tura kuɗin mai yawa, ba a cinikin biri a sama. Ki duba ledar tana da sunan wanda ya yi da adireshinsa da ƙasar da aka yi da lambar NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, in ledar fara ce tas sai sitika mai lambar waya kawai, to duk abin da aka faɗa miki a kansa baki ne kawai.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni ina da hawan jini shekara huɗu kenan ina kan magani, wani abokina a wajen aiki ya ce in koma gishirin teku dan shi ba ya tada jini, har ma wai in riƙa sa ƙwaya biyu a ƙarƙashin harshe da safe in sha ruwa. Haka ne? Daga wani magidanci a Damaturu.

Amsa: Malam dan girman Allah kar ka yi. Abokinka yana nufin alheri amma maganar ba haka take ba, kuma irin wannan maganar tana kwantar da mutane a asibiti. Abin da ke tada jini a gishiri shi ne sodiyam, kuma gishirin teku ko ba a tace shi ba, in ka cire danshin, sama da kashi 90 cikin 100 nasa irin gishirin ledar nan ne sak. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan lissafin ya haɗa da wanda ke cikin burodi da taliyar leda da kilishi da dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa miya uku-uku, wanda shi ma kusan rabinsa gishiri ne. Jini bai san wannan na teku bane wancan na kanti ne.

Abin da ke ruɗar mutane, mai manyan ƙwaya ba ya cika cokali taf saboda akwai sarari tsakanin ƙwayoyin, sai a ce ai cokalinsa ya fi ƙarancin sodiyam. Gaskiya ne a cokali amma ba a sikeli ba, kuma mai girki in ta ɗanɗana ta ji bai ji ba ƙarawa zata yi. Batun minaral da ake ta lissafowa kuwa, eh akwai su amma ɗan mitsitsi ne. Jikin babba na buƙatar magnesiyam kamar miligiram 300 zuwa 400 a rana, potasiyam kuma wajen 3,500, kafin ka samu wannan daga gishiri ka ci abin da zai illata maka ƙoda. Wake da gyaɗa da zogale da alayyahu da dankali da dabino su ne gidan waɗannan abubuwan kuma suna nan a kasuwar Damaturu da araha. Ka ci gaba da maganinka, ka riƙa zuwa ana auna ka, kuma duk abin da zaka canza ka fara faɗa wa likitanka.

Tambaya: Anti ina da juna biyu wata biyar, ga yara biyu ƙanana. Na yanke shawarar daina amfani da gishirin leda gaba ɗaya saboda an ce min ana zuba masa kemikal, zan koma wanda ba a tace ba. Wanne kike ganin ya fi? Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

Amsa: Ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Tambayarki ita ta fi tsaya min a rai cikin duka, kuma zan faɗa miki kai tsaye, kar ki daina. “Kemikal” ɗin da ake tsorata ki da shi, babbansa ayodin ne, kuma da gangan ake zuba shi dan ke da abin da ke cikinki.

Yaran yanzu da yawa basu san maƙoƙo ba sai a hoto. Mu mun tashi mun ganshi. A ƙauyen kakata akwai wata baiwar Allah da ke kawo mana nono, wuyanta ya kumbura ta gaba kamar an ɗaura mata ƙaramar ƙwarya, kullum tana naɗe shi da gefen mayafi, in ta sauke kaya sai ta daɗe tana mayar da numfashi da wani sauti kafin ta iya gaishe da kaka. Kuma ba ita kaɗai bace a garin, mata ne suka fi yawa. A lokacin cewa ake ruwan rijiya ne ko jifa. Rashin ayodin ne. Akwai wani ɗan ƙullutu a gaban wuya da likitoci ke kira tayirod, da ayodin yake aiki, in ya rasa sai ya yi ta kumbura yana neman abin da babu. Kuma kumburin wuyan shi ne ɓangaren da ake gani, wanda ba a gani ya fi muni, mai ciki in ta rasa ayodin ƙwaƙwalwar jaririn ce ke biya, yana iya jawo ɓari, yana iya sa yaro ya taso da ƙarancin fahimta wanda ba ya gyaruwa daga baya. Babba na buƙatar maikurogiram 150 a rana, mai juna biyu da mai shayarwa 250.

Mu da ke nesa da teku, kifin teku ba abincinmu bane na kullum, ƙasar da muke noma a kai ma ayodin ɗinta kaɗan ne a wurare da yawa, shi yasa aka bi ta gishiri dan shi ne abin da ke shiga kowace tukunya, ta mai kuɗi da ta talaka. A Najeriya tun 1993 doka ta wajabta sa ayodin a gishirin ci, Nijar da Ghana su ma suna da irin dokar, kuma raguwar maƙoƙon da kike gani yau daga nan ta zo. Mutane na ɗauka tunda gishirin daga teku yake to ai yana da ayodin, a'a, abin da ke maƙalewa a ƙwayar ɗan kaɗan ne ƙwarai, bai kai ko kusa da abin da jiki ke so ba sai in an ƙara masa. Akwai gishirin teku da ake sa wa ayodin, zaki ga an rubuta a jikin ledar da tambarinsa, in kin samu irinsa to madalla.

In kina son ɗanɗanon ɗanyen gishirin, ba wanda ya hana ki, ki ajiye shi a ɗan kwano dan barbaɗawa kan gasasshen nama ko kifi ko kwaɗon zogale ko dafaffiyar gyaɗa, a nan ne ma ake jin daɗin ƙwayarsa tana fashewa a baki. Amma tukunyar gida, miya da tuwo da wake da shinkafa, ki bar ta da mai ayodin. In kin je awo ki tambayi malamar asibiti, wasu ma'aikatan lafiya suna da ɗan ruwan gwaji da ake ɗigawa kan gishiri, in akwai ayodin sai wurin ya koma shuɗi mai duhu nan take.

Tambaya: Hajiya ina wuni. Ina da ɗan shago ina son fara sayar da irin gishirin nan. Wani dila ya kawo min samfur uku, ɗaya ruwan hoda ya ce na Himalaya ne daga teku, ɗaya ya ce na Balma ne, ɗaya fari mai manyan ƙwaya a buhu mai araha sosai. Duk gishirin teku ne? Daga wani ɗan kasuwa a Sabon Garin Zariya.

Amsa: Lafiya lau Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Biyun farko dai ba na teku bane. Ruwan hodar nan daga dutse ake haƙo shi, mafi yawansa daga mahaƙar Khewra a lardin Punjab na Pakistan, kuma launin ɗan tsatsar ƙarfe ne da ke cikin dutsen. Na gaske in ka narka shi ruwan ba ya rinewa sosai, ɗan jan gari ne zai kwanta a ƙasa, in ka ga ruwan ya koma kamar zoɓo ko ka ɗiga a farin ƙyalle ya kama to kala aka sa wa farin gishiri. Na Balma kuwa namu ne na gado, daga tsakiyar hamada a arewa maso gabashin Nijar, ruwan ƙarƙashin ƙasa ne mai gishiri ake tarawa a ramuka rana ta ƙafar da shi, Buzaye su ɗauko a ayarin raƙuma. Shi ma kala biyu ne kuma iyayenmu sun san bambancin, beza shi ne farin da mutane ke ci, kantu kuma wanda ake zubawa a mazubi ya fito dogo mai tsini, haɗe yake da ƙasa da ɗan kanwa-kanwa, na dabbobi ne. Ka tambayi dilan wanne ya kawo maka, in kantu ne aka daka to makiyaya zaka sayar wa.

Na ukun shi na fi so ka yi hattara da shi. Yana iya zama na teku da gaske, ai gishirin ledar da muke ci ma da yawansa daga teku ya faro, jiragen ruwa ke kawo ɗanyensa daga wurare irin su Walvis Bay ta Namibiya a wanke shi a niƙa a sa ayodin a nan. Amma akwai ɗanyen da ake shigo da shi dan masana'antu da masu fata da ƙirgi, ba a wanke shi dan ci ba kuma ba a kula da inda aka zube shi. Banza ba ta kai zomo kasuwa, in arahar ta yi yawa ka nemi ganin buhun asali da abin da aka rubuta a jikinsa da takardar wanda ya shigo da shi. Ka yi masa gwajin tambulan da na faɗa wa 'yar'uwarmu ta Gwammaja, daga saman buhu da tsakiya da gindi, dan ƙasar a gindi take taruwa. Kuma in zaka ƙulla a leda da sunan shagonka a matsayin gishirin ci, ka je ofishin NAFDAC ka ji ƙa'ida tukuna saboda dokar ayodin ɗin nan ta shafe ka. Wani abu kuma, akwai gishirin wanka da ake kawowa daga Tekun Lut da wanda ake kira Epsom, suna kama da na ci a ido amma ba a cinsu, Epsom ma gudawa yake sawa, kar ka jera su kanta ɗaya da na girki.

Tambaya: Anti gishirina da damina ta shigo ya jiƙe ya dunƙule, gwangwanin da na zuba shi ma ya yi tsatsa. Ya lalace kenan? Daga wata amarya a Jos.

Amsa: Amarya, Hausawa sun ce gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo shi zai ji kunya, balle a Jos da laima ba ta ƙarewa. Gishirin kansa ba ya ruɓewa, amma wanda ya taɓa tsatsar ya yi ja ki kankare ki zubar. Sauran ki baza shi a tiren roba ko faranti na tangaran ki sa a rana in ta fito, ki rufa masa siririn ƙyalle saboda ƙura, ko ki ɗan ɗumama shi a kasko a wuta kaɗan kina juyawa, in ya huce ki daka a turmi sama-sama. Daga nan ki raba shi da ƙarfe kwata-kwata, har cokalin da kike bari a ciki, kwalba mai murfin roba ko robar da ke rufuwa gam ita ce wurinsa, kuma nesa da murhu dan tururin girki ne ke fara jiƙa shi. Ki riƙa ɗiban na sati a ƙaramin mazubi, babban ki bar shi a rufe. Mai ayodin ɗinki kuma shi kar ki shanya shi a rana kar ki soya shi, zafi da laima da barinsa a buɗe suna rage masa ayodin, gara ki riƙa sayen ƙaramar leda wadda zaki ƙarar cikin wata ɗaya ko biyu.